Shin marasa igama ne ke kawo rashin tsaro a Saudiyya?

"Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Ni direba ne a Jidda, ina da igamata (takardar izinin zama), ba ni da matsala da kafilina (wanda ya ɗauki nauyin zamana). Kullum in mun haɗu bayan sallar isha'i gardamarmu ɗaya ce. Wasu na cewa kamen da ake yi daidai ne, 'yan takari ne suka ɓata mana suna da bara da sane da ƙwaya, wake ɗaya ke ɓata gari, a kwashe su kowa ya huta. Wasu na cewa zalunci ne da ƙin baƙar fata, maganar tsaro fakewa ce kawai. Ni ina tsakiya, domin yayata tana Makka ba takarda, 'ya'yanta uku nan aka haife su, ba su taɓa ganin Najeriya ba. Kai da ka daɗe kana tafinta da bin takardun mutane, don Allah ka gaya mana gaskiya: marasa igama ne ke kawo rashin tsaro? Kuma me zan ce wa yayata?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya rufa wa yayarka asiri. Tambaya biyu ka haɗa. Ɗaya ta majalisa ce, wato ko akwai alaƙa tsakanin zama ba takarda da aikata laifi. Ɗayar ta cikin gida ce, kuma ita ta fi nauyi. Abin da na fahimta bayan doguwar zirga-zirga tsakanin ofisoshin Jawazat, wato hukumar shige da fice, da kotunan ƙwadago da gidajen mutanenmu shi ne: alaƙar tana nan, amma ba ta inda abokanka na farko suke zato ba. Mafi yawan marasa igama ba su taɓa ɗaukar allurar kowa ba. Sai dai duk inda aka tara dubban mutanen da ba sa iya zuwa wurin hukuma, to an yi wa mugu shimfiɗa, kuma su ɗin ne farkon waɗanda zai ci.

Su wa ake nufi da 'yan takari

Kafin a yi gardama a kan mutane, ya kamata a san su. Hausawa ba jiya suka zo Hijaz ba. Kakanninmu sun bi hanyar ƙasa ta Borno da Chadi da Darfur, su tsaya su yi noma ko ƙodago a Sudan su tara guzuri, su kai Sawakin su ƙetare Bahar Maliya, wani sai ya shekara biyar ko goma a hanya. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa, an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a da yawa suka yi gabas. Wasu suka tsaya Mai Wurno a bakin kogi a Sudan, wasu suka zarce Makka da Madina. Jikokin waɗanda suka samu takardar zama 'yan ƙasa su ne kake ganin sunansu na ƙarewa da Hausawi ko Fallata ko Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasa uku ne masu sunan Hausawi a tawagar Saudiyya, har da kyaftin ɗinta, Usama Hausawi. Waɗannan Saudiyawa ne, ba su cikin wannan magana.

Akwai kuma maƙwabtansu da suka zo lokaci guda, amma iyayensu ba su yi rajista ba, wani don rashin sani, wani don yana da niyyar komawa gida, har ajali ya riske shi bai koma ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1954, ta uba take bi. Haihuwa a Makka ba ta mai da yaro Basaudiye. Saboda haka sai ka samu dattijo da aka haifa a unguwar Misfala ko Jarwal a Makka, ubansa ma nan aka haife shi, amma a takarda baƙo ne, ko ma ba shi da takardar sam. Sannan ga waɗanda suka zo Umara ko ziyara suka ƙi komawa. Ga 'yan aikatau da suka shigo da biza sahihiya, kafili ya hana su albashi ko ya wulaƙanta su, suka gudu, ya kai rahoton hurub, wato cewa sun tsere masa, suka wayi gari cikin masu saɓa doka. Ga kuma waɗanda igamarsu ta mutu a hannunsu, musamman bayan an sa harajin iyali a watan Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum da kake riƙe da shi, yana ƙaruwa kowace shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar, ka lissafa abin da zai biya a shekara, ka dubi albashin direba. Na san gidajen da uba ya sabunta tasa igamar ya bar ta iyalin ta mutu, ba don yana so ba.

Duk waɗannan ake tarawa a kira su da suna ɗaya a majalisarku. Tun daga nan gardamar ta karkace.

Abin da alƙaluma ke faɗa

Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a Saudiyya, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne, wato sama da kashi 41 cikin ɗari. Ka riƙe wannan. Ƙasar da kusan rabin mazaunanta baƙi ne, kuma kai kanka shaida ne kana ajiye mota ƙarfe biyu na dare ka shiga shago ka fito ba ka waiwaya ba. Da baƙunci kansa ne ke haifar da ta'asa, da Jidda ba ta zaunu ba.

Kowane mako Ma'aikatar Cikin Gida tana fitar da sanarwar yawan waɗanda aka kama, a 'yan shekarun nan sau da yawa daga sama da 10,000 har zuwa sama da 20,000. Mutane na ganin lambar su ce, ka ga yawan masu laifi. Amma ka karanta yadda ake rarraba ta: masu saɓa dokar zama, masu saɓa dokar aiki, masu saɓa dokar kan iyaka. Kaso mafi girma kullum na dokar zama ne. Wato laifin mutum shi ne takardarsa ta mutu ko ba shi da ita, ko an same shi yana aiki a wurin wanda ba kafilinsa ba. Wannan saɓa doka ne, ban ce ba haka ba ne, amma ba fashi ba ne, ba kisa ba ne, sanarwar ma ba ta ce haka ba. Waɗanda ake kamawa suna tsallako iyaka kuwa, kusan dukansu 'yan Habasha ne da 'yan Yaman, ta kudu suke shigowa. Mafi yawan mutanenmu ta filin jirgi suke shigowa, da biza, an ɗauki hoton yatsunsu.

Ita ma maganar ƙwaya a sa ta a ma'auni. A watan Afrilun 2021 an kama ƙwayoyin kaftagon sama da miliyan biyar a tashar jiragen ruwa ta Jidda, an cusa su cikin rumman da aka ɗauko daga Labanan, har Saudiyya ta hana shigo da kayan gona daga can. A watan Agustan 2022 an kama kusan miliyan 47 a Riyad cikin lodin fulawa. Irin wannan kaya sai mai kamfani, mai rumbun ajiya, mai takardu cikakku. Matar da ke wanke-wanke a gidan Larabawa tana tsoron ko fita bakin titi ba ita ke shigo da kwantena ba.

Gaskiyar da ke wurin abokanka na farko

Duk da haka, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan rufe maka abin da na gani ba. Akwai 'yan Najeriya da ake kamawa da hodar iblis da ƙwayoyi a filayen jirgin Jidda da Madina, kuma tun da aka dawo da zartar da hukuncin kisa kan laifin ƙwaya a ƙarshen 2022, akwai 'yan Najeriya cikin waɗanda aka kashe. Akwai masu yankan aljihu a cikin cunkoson ɗawafi. Akwai masu ɗauko yara da naƙasassu daga gida su zuba su bara a lokacin azumi, da yamma su zo su karɓe abin da aka tara. Wannan ya sa aka yi dokar hana bara a 2021, wadda ta tanadi ɗauri har wata shida da tara har riyal 50,000 ga mai bara, ta ninka wa mai shirya ta, baƙo kuma a kore shi. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa layi a ofis a nan ya san irin kallon da waɗannan abubuwa suka jawo mana.

Sai dai ka lura da wanda ke cin ribar. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta taso daga Kano zuwa Umara, an ce an samu ƙwaya a jakar da ke ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suke liƙa sunan matafiya a jakunkunan da ba nasu ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Da ba a tsananta bincike ba, da yarinyar ta tafi a banza, masu jakar suna gida suna shan iska.

Hukuma kuma tana da hujja mai ƙarfi idan aka zo maganar Hajji. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, ministan lafiya ya sanar da mutuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji. Ba su da tanti a Mina, ba su da motar da za ta ɗauke su, suka yi ta tafiya a rana. Da yawa ma an sha wuya kafin a gane ko su waye, don babu wata shaida a jikinsu. Wanda ya ga wannan ba zai ce duk wata tsauri a kan takarda ƙiyayya ce ba. Ƙasar da ke karɓar miliyoyin mutane cikin 'yan kwanaki dole ta san wanda ya shigo da wanda ya fita. Shi ya sa a 2025 aka kai tarar yin Hajji ba tasrihi har riyal 20,000, mai taimakawa har 100,000, da hana shigowa na shekara goma. Ni a wannan ina tare da hukuma, kuma ina gaya wa duk wanda ya zo neman shawarar bin ɓarauniyar hanya zuwa Arfa haka ƙiri-ƙiri.

Inda alaƙar take

Wata rana aka kira ni wani gida a kudancin Jidda, kafin a rushe unguwar. Wata baiwar Allah ce mai sayar da abinci, uwar adashe, matan unguwa na ajiye kuɗi da 'yan gwala-gwalai a wurinta saboda babu mai iya buɗe asusun banki a cikinsu. An shiga da rana tsaka an fasa akwatin ƙarfen da take turawa ƙarƙashin gado. Na same ta zaune a ƙasa, akwatin a gabanta a buɗe, littafin da take rubuta zubin kowa yana hannunta. Ta san wanda ya yi, kowa a layin ya san shi, ba kuma wannan ne na farkonsa ba. Na ce mata, Hajiya, tashi mu je mu kai rahoto. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, in na shiga wurin askar ('yan sanda) wa za a fara tambaya igama, ni ko shi? Yarana wa zai ɗauke su in an wuce da ni Shumaisi (inda ake tsare waɗanda za a kora)?" Ba ta je ba. Shekara biyu tana biyan matan nan kuɗinsu kaɗan-kaɗan daga cinikin tuwo. Shi kuwa yana nan yana yawonsa.

To ka ga inda rashin tsaron yake. Ɓarawon nan ya zaɓe ta ne don ya san bakinta a ɗaure yake. Haka mai gidan hayar da ke ninka mata kuɗi, haka uwar ɗakin da ke riƙe albashin wata shida ta ce in kin yi magana na kira Jawazat, haka namijin da ke cin zarafin yarinya ya san ba inda za a kai shi. Mai naƙuda tana haihuwa a ɗaki a hannun wadda ba ta koyi aikin ba, jaririn ya tashi ba takardar haihuwa, ba rigakafi a kan lokaci, ba makarantar gwamnati. Ya kai shekara goma sha biyar ba karatu, ba sana'ar da zai yi a fili, sai zaman bakin lungu. In wani ya miƙa masa ƙulli ya ce kai wa wane ga riyal hamsin, me kake zato? Yawancinsu ma ba sa karɓa, tarbiyyar iyaye mata na riƙe su, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ƙofar a buɗe take.

Masu bincike a wasu ƙasashe sun auna wannan. A Italiya, a 2007, an buɗe neman takardar zama ta intanet, wanda ya riga aikawa shi ke samu, har 'yan daƙiƙoƙi ke raba mai samu da mai rasawa. Wani masanin tattalin arziki, Paolo Pinotti, ya bi sawun ɓangarorin biyu, ya gano cewa aikata laifi a tsakanin waɗanda suka samu takardar ya ragu da kusan rabi. Mutane iri ɗaya ne, takarda ce kawai ta bambanta su. A Amurka kuma, inda wannan gardama ta fi zafi a siyasa, babban rahoton cibiyar masana kimiyya ta ƙasar na 2015 ya nuna baƙi ba su kai haifaffun ƙasar aikata laifi ba. Italiya da Amurka ba Saudiyya ba ne, dokokinsu daban, amma abin da aka gano can ya yi daidai da abin da idona ya gani a nan: mutumin da ke da abin da zai rasa yana kiyaye doka, kuma yana kai ƙarar wanda ya karya ta.

Me kame ya gyara

A nan ba jam'iyyu ake da su ba, don haka gardamar a jaridu take, da Majalisar Shura, da shafukan sada zumunta inda za ka ga ana yaɗa taken "Saudiyya ta Saudiyawa ce". Kuma in ka saurara da kyau, rabin maganar ta aikin yi ce. Tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011 don tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, shi ne ya share fagen babban kamen 2013. An ba da wa'adi daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba, miliyoyi suka gyara takardunsu, kusan miliyan ɗaya suka fita, sannan aka fara samame. A unguwar Manfuha ta Riyad aka yi arangama da 'yan Habasha har aka rasa rayuka, cikin 'yan watanni aka mayar da sama da 160,000 Habasha. A ƙarshen Maris na 2017 aka sake buɗe wani shirin, mai taken ƙasa ba mai saɓa doka, da afuwar kwana 90 da aka yi ta tsawaitawa, a watan Nuwamba kame ya dawo. Yau shekaru ke nan ana yi, lambar mako-mako ba ta ƙare ba. Dalilin a bayyane yake: muddin akwai gidan da ke son mai aiki mai arha wadda ba za ta iya kai ƙara ba, da ejan a Kano ko Agadas ko Adis Ababa da ke sayar da mafarki, da kafilin da ke sayar da biza ya saki mutum a titi yana karɓar kuɗi duk wata, to ana kwashe wasu, wasu na shigowa. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki da fita ƙasa ba sai da yardar kafili ba, mataki ne mai kyau, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali daga cikinsu ne masu gudu suka fi fitowa.

Rusau ɗin Jidda kai ganau ne. Daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni sama da 60, su Sabil da Kandara da Gulail da Karantina da Bitrumin, hukuma ta ce matattarar ƙwaya da masu laifi ne. Wasu lungunan haka suke, motar askar ma ba ta iya shiga, ban musa ba. Amma diyya 'yan ƙasa aka ba, baƙo ko da yana da igama sai dai ya kwashe kayansa, kuɗin haya kuma ya yi tashin gwauron zabo a sauran gari. Mutanen ba su ɓace ba, warwatsuwa suka yi. Abin da ya ɓace shi ne limamin da ya san kowa, da dattijon da ake kai wa ƙara, da maƙwabciyar da ke sa ido a kan yaran wata. Su ne 'yan sandan waɗanda ba su da 'yan sanda.

Abokanka masu cewa ƙin baƙar fata ne kawai, su ma a tuna musu wani abu. Wariya tana nan, wanda aka tsayar a shingen bincike aka bar na bayansa ya wuce ya san da ita. Amma mu ma mun yi irin wannan a gida. A watan Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe ya matso, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Ghana, da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru. Cikin hujjojin da aka kawo har da rikicin Maitatsine na Kano a 1980, tunda shi Muhammadu Marwa daga Kamaru ya zo. An kori baƙin, amma rikicin ya sake ɓarkewa a Jimeta a 1984, ya sake a Gombe a 1985. Kafin nan Ghana ta kori namu a 1969. Ko'ina aljihu ya yi zafi, baƙo ake fara nunawa.

Akwai wata hanya, kuma a Makka aka gwada ta. A 2013, ƙarƙashin gwamnan yankin, Yarima Khalid Al-Faisal, an gyara zaman al'ummar Burma da suka daɗe a garin, kusan mutum 250,000 aka ba igamar shekara huɗu kyauta, aka yi musu gwajin lafiya da rigakafi, aka shigar da yaransu tsarin makaranta. Hukuma ta san sunan kowa da inda yake kwana. A ganina wannan ya fi samame amfani ga tsaro, kuma irinsa nake fata ga waɗanda aka haifa a nan daga cikin mutanenmu. Sai dai 'yan Burma an duba cewa ba su da ƙasar da za su koma ne. Mu muna da ita, saboda haka kada kowa ya gina rayuwarsa a kan jiran irin wannan.

Maganar yayarka

Ni ba lauya ba ne, ƙa'idojin nan kuma suna sauyawa, don haka duk abin da za ku yi ku tabbatar da shi daga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda kafin ku motsa. Amma ga abin da zan gaya wa ƙanwata da ita ce.

A fara da yaran. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. Saboda haka suna da ƙasa, shaidar ce babu. Ta tattara duk wata takarda da ke hannunta: tsohon fasfonta ko da ya mutu, takardar asibiti in a asibiti ta haihu, katin rigakafi, takardar ɗaurin aure, hoton fasfon mijin ko igamarsa. Ta ɗauki hotonsu ta turo maka, ka tura gida, domin ranar da aka yi kame ba a ba mutum damar komawa ɗaki. Na ga uwa a Tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, an riƙe ta watanni saboda ba ta da abin da zai nuna yaron da ke goye a bayanta nata ne. Ba ka faɗi ko wane ne mahaifinsu ba, kuma wannan na iya sauya komai. In Basaudiye ne, maganar ta zama ta tabbatar da nasaba a kotu, kada ta yarda ta fita da su kafin a nemi shawarar lauya. In baƙo ne mai igama, a bincika ko akwai hanyar da zai sa su a ƙarƙashinsa.

Kada ta ba kowa kuɗi don ya yi mata igama ta bayan fage. Wadda ta shigo da bizar Umara ba a mai da bizarta igama, duk wanda ya ce zai yi, ko dai ya cinye kuɗin ko ya kawo jabu, jabu kuma yana mai da mai laifin zama ya koma mai laifin da ake ɗaurewa. In aka sake buɗe afuwa irin ta 2017, shawarata ta karɓa. A wancan karon wanda ya fita da kansa an yafe masa tara, ba a ɗauki hoton yatsunsa a matsayin korarre ba, yana iya dawowa ta hanyar halal. Wanda aka kama aka kora kuwa, ƙofar dawowa aiki takan rufe masa. Na san abin da zafi, ka ce wa yaran da suka tashi suna jin kiran sallar Harami su koma garin da ba su sani ba, kuma tarbar da ake yi wa waɗanda aka sauke a Kano ba ta taka kara ta karya ba. Amma yaro mai Larabci a baki yana da abin da makarantun Islamiyya da kamfanonin jigilar alhazai ke nema, in an samu wanda ya tsaya masa ya yi karatu ya samu shaida. A nan kuwa kowace shekara da ta wuce ba makaranta, asara ce da ba ta dawowa. Ku fara tanadi tun yanzu: wa zai tarbe su, ina za su sauka, wace makaranta, wane jari za ta riƙe.

Kai kuma, ɗana, sana'arka ta sa ka a tsaka mai wuya. Ɗaukar marar igama a mota ko ba shi masauki laifi ne da tararsa kan kai riyal 100,000, da ɗauri, da kora in kai baƙo ne. In kuwa wanda ya tsallako iyaka ne, hukuncin na kai shekara 15 da riyal miliyan ɗaya, a ƙwace motar. Shingen da ke tsakanin Jidda da Makka ka san shi. In aka kama ka, ita da yaran sun rasa mutum ɗaya tilo da ke iya shiga ofis ya yi magana a madadinsu. Ka taimaka da kuɗi, da bin takardu, da zuwa ofishin jakadanci ka yi tambaya da bakinka, amma kada ka sa su a motarka. In ka samu bayanin mahaifin yaran da irin bizar da ta shigo da ita da shekarar da ta shigo, ka sake rubuto mini, sai mu duba ta inda za a fara.